Ina da albashi da ɗan tanadi, shin in ajiye aiki in kama kasuwanci?

Wani ma'aikaci ya aiko da tambaya, ya ce shekararsa takwas yana aikin albashi, ya tara abin da ya kai albashinsa na wata goma, kuma zuciyarsa ta daɗe tana raya masa ya ajiye aikin ya kafa nasa kasuwancin. Yana so ya san sana'ar da ta fi kawo riba, ko ya dace ya ƙara da rancen banki domin ya fara da ƙarfinsa, da kuma ko ya karɓi tayin wani amininsa da ke son su haɗa jari.

Malam, na shafe shekaru ina duba littattafan masu ƙananan sana'o'i, kuma tambayarka ta farko ita ce wadda aka fi yi mini, ita ce kuma wadda amsarta ta fi ƙarancin amfani. Babu wata sana'a da riba take kwance a cikinta tana jiran duk wanda ya shigo. A kowace sana'a za ka tarar da wanda ya yi arziki da wanda ya karye, sau da yawa ma ƙofarsu na kallon juna, kuma bambancinsu shi ne ɗaya ya san inda ake saro kaya da sauƙi, ya san lokacin da kasuwa ke buɗewa da lokacin da take cushewa, ya san abokin cinikin da ke biya da wanda sai an yi ta sintiri a ƙofarsa, ɗayan kuwa da kuɗinsa yake sayen wannan ilimin. Wani mai bincike, Pierre Azoulay na jami'ar MIT ta Amurka, da abokan aikinsa sun bi bayanan hukumar ƙidayar Amurka, suka gano cewa matsakaicin shekarun waɗanda suka kafa kamfanonin da suka fi saurin bunƙasa 45 ne, kuma wanda ya taɓa aiki a fannin da ya kafa kamfani a cikinsa ya fi samun nasara nesa ba kusa ba. Don haka ka fara duba shekaru takwas ɗin nan naka: me ka iya, wa ka sani, wace matsala ce kake ganin mutane suna kuka da ita kullum kuma a shirye suke su biya a raba su da ita? Idan kuwa sana'ar da ranka ke so baƙuwa ce a wurinka, ka nemi wanda ya daɗe a cikinta ka zauna a ƙarƙashinsa na wasu watanni, ko da a ranakun hutunka ne, ko da babu ladan komai.

Alƙaluman hukumar ƙididdigar ayyuka ta Amurka sun daɗe suna nuna abu kusan iri ɗaya: a cikin sababbin wuraren kasuwanci biyar, kusan ɗaya ba ya ganin shekara ta biyu, kuma kusan rabi ne kawai ke kaiwa shekara biyar. Ba duka ne suka rufe saboda karyewa ba, amma adadin ya isa ya sa mutum ya nutsu. Abin da ni na gani da idona shi ne, yawancin waɗanda suka rufe ba don kayansu ba su da kyau ba ne, ba kuma don babu masu saye ba. Kuɗin hannu ne ya ƙare musu a ranar da haya ko albashin yara ko bashin mai kaya ya zo, alhali nasu kuɗin yana kwance a sito ko a aljihun wasu.

Akwai wani kafinta da na taɓa duba wa lissafi, gwani ne na gaske, wanda ya samu kwangilar yi wa wani kamfani tebura da kujeru. Katako da ƙusa da fenti lakadan yake sayensu, yaransa kowane ƙarshen mako yake biyansu, aikin yana cin mako uku, kamfanin kuma sai bayan kwana 60 da karɓar kaya yake biya. Ke nan duk kuɗin da ya fita daga hannunsa sai ya yi kwana 80 da ɗoriya kafin ya dawo. Da kamfanin ya ji daɗin aikinsa ya ninka masa oda, sai ya yi murna ya karɓa, ya zuba duk abin da yake da shi a katako. Ranar da na je wurinsa, rumfar cike take da kujeru an jera su har bakin ƙofa, littafinsa yana nuna riba mai kyau, amma yara biyu sun daina zuwa saboda mako biyu ba a biya su ba, kuma mai katakon ya daina ɗaukar wayarsa. Ya yi ta buɗe mini shafin da ya rubuta ribar yana nunawa da yatsa, yana tambayata ina kuɗin suka shiga. Ba su shiga ko'ina ba, suna nan a jikin kujerun. Abin da ya fitar da shi bai wuce abu biyu ba: ya koma ya nemi a riƙa ba shi rabin kuɗin aiki a matsayin kafin alƙalami, sannan ya daina karɓar odar da ta fi ƙarfin abin da zai iya ɗauka na wata uku.

Na kawo wannan ne domin ka rarrabe abubuwa uku da sabon shiga yake cakuɗawa. Ciniki daban, riba daban, kuɗin hannu daban. Ciniki shi ne jimillar abin da ka sayar. Riba ita ce abin da ya rage bayan an cire kuɗin kaya da duk wata ɗawainiya. Kuɗin hannu kuwa shi ne abin da za ka iya miƙa wa mai bin ka bashi yau ɗin nan. Kasuwanci yana iya yin shekara ba riba ya rayu idan akwai kuɗin hannu, amma ba ya iya yin wata biyu ba kuɗin hannu komai yawan ribar da ke rubuce a takarda. Abin mamakin kuma shi ne, bunƙasa ita kanta tana cin kuɗin hannu, domin kowace sabuwar oda sai ka fara kashewa kafin ka karɓa.

Kafin ka kashe komai, ka zauna da takarda da alƙalami ka yi wani ɗan lissafi wanda bai fi ƙarfin ɗan firamare ba. Mu ɗauka kana sayen abu a kan 80, ko da wane irin kuɗi ne, ka ɗora masa kashi 25 cikin 100 ka sayar a kan 100. Ribarka 20 ce, wato kashi 20 na kuɗin sayarwa, ba kashi 25 ba, kuma wannan ɗan bambancin ya sha jefa mutane a rami: wanda ya ce zai yi rangwamen kashi 25 domin ya mayar da uwar kuɗinsa kawai, a kan 75 zai sayar, ya yi asarar 5 a kowane guda ba tare da ya sani ba. Ko rangwamen kashi 10 ka yi, ka sayar a kan 90, ribarka ta sauko daga 20 zuwa 10, sai ka ninka cinikinka kafin ka koma inda kake. Haka nan idan mutum ɗaya ya karɓi abu guda bashi ya gudu, sai ka sayar da guda huɗu kafin ka mayar da kuɗin da ka saro shi, ba a ma zo maganar riba ba. Wannan ne ya sa nake gaya wa masu farawa cewa karya farashi don jawo jama'a da sakin bashi don a ce kana da kirki su ne hanyoyi biyu mafi sauri na cinye uwar kuɗi, mutum yana ganin cunkoso a ƙofarsa yana zaton kasuwa ce ta yi kyau.

Daga nan sai ka tattara ɗawainiyar da ba ta canzawa ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba, kamar haya, wuta, albashin ma'aikaci, waya da intanet. A ce duka sun kama 3,000 a wata. Tunda kowane guda yana bar maka 20, sai ka sayar da 150 a wata kafin ka fita daga asara, wato kusan shida a kowace rana idan kana buɗewa kwana 26. Yanzu ka ƙara abin da kusan kowa ke mantawa, wato albashin kanka. Idan gidanka yana bukatar 2,000 a wata, adadin ya tashi zuwa 250, kusan goma a rana. Tambayar da za ka yi wa kanka ke nan: a wurin da zan buɗe, da mutanen da na sani, zan iya sayar da goma kowace rana, har da ranakun da kasuwa ta mutu? Mai sana'ar da ba ya lissafa albashin kansa yakan ɗauka yana cin riba, alhali ladan aikinsa ne kawai yake karɓa, wani lokacin ma ƙasa da abin da zai samu da yana yi wa wani aiki. Ka kuma tuna inji da mota da kwamfuta suna tsufa. Idan inji zai yi shekara biyar, to kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa ɗawainiya ce ta kowace shekara, a ware ta gefe kafin a ambaci riba. A lokacin hauhawar farashi kuma, da kuɗin da za ka sake saro kaya gobe ake yanka farashi, ba da kuɗin da ka saro su jiya ba, in ba haka ba za ka ga kuɗi suna ƙaruwa a aljihu, kaya suna raguwa a kanta.

Wani abin da lissafin yake koyarwa shi ne saurin juyawar kuɗi ya fi girman riba muhimmanci. Jarin 100 da ke barin ribar 5 amma yana juyawa kowane mako zai tara 250 ko fiye a shekara, wanda kuwa ke barin ribar 40 amma sau biyu kacal yake juyawa 80 zai tara. Kayan da suka yi kwantai kuɗi ne da aka ɗaure, don haka farkon sari ya zama kaɗan, ko da dillali ya rantse maka cewa sayen da yawa ya fi araha.

Game da ajiye aiki, shawarata ita ce kada ka yi yanzu. Wani nazari da aka wallafa a 2014, wanda ya bibiyi dubban Amurkawa na tsawon shekaru, ya nuna cewa waɗanda suka fara kasuwanci suna riƙe da aikinsu, daga baya suka koma gaba ɗaya, haɗarin rufewarsu ya ragu da kusan kashi 33 cikin 100 idan an kwatanta da waɗanda suka yi tsalle lokaci guda. Dalilin a bayyane yake. Albashi yana ba ka damar yin kuskure mai arha, kuma yana hana ka ɗiban uwar kuɗi don biyan bukatun gida. Sai dai akwai amana a nan: ka duba takardar ɗaukarka aiki ko ta hana, kada ka yi kasuwancinka a lokacin da ake biyanka albashi, kada kuma ka janye abokan cinikin maigidanka. Abin da za ka nema a wannan lokacin shi ne hujja, kuma hujja ɗaya ce tak, wato baƙon da bai san ka ba ya ciro kuɗinsa ya biya, sannan ya sake dawowa. Yabon 'yan'uwa da abokai ba hujja ba ne, domin suna son ka, kuma faɗin "wannan zai karɓu" ba ya cin kuɗin kowa. A ganina, lokacin ajiye aiki shi ne sa'ad da ribar kasuwancin ta ɗauki nauyin gidanka wata shida a jere, kuma ka tabbatar rashin lokacinka ne kaɗai ke hana shi girma.

Tanadinka na wata goma kuma kada ka ɗauke shi duka a matsayin jari. Ka ware na wata shida na gida a wani asusu da ba ka taɓawa, ragowar shi ne jarin. A cikin jarin ma, wanda ya fi yawa ya zauna a kaya masu juyawa da kuɗin hannu, ba a gyaran wuri da allon suna da kujerar ofis ba. Kuɗin da aka zuba a kwalliyar ginin haya ba ya dawowa ko an tashi.

Rance fa? A farkon tafiya, a'a. Rance yana da ranar biya wadda ba ruwanta da ko ka yi ciniki, sabon kasuwanci kuwa bai san abin da zai samu a wata mai zuwa ba, haɗa su biyun nan shi ne neman rigima. Ka kuma kula da yadda ake faɗin kuɗin ruwa: kashi 5 a wata yana da daɗin ji, amma idan yana hawa kan kansa ya kusa kashi 80 a shekara, kuma kasuwancin da zai iya biyan wannan ya bar wa mai shi wani abu ba shi da yawa. Wasu sukan ce ai sun yi rajistar kamfani mai iyakantaccen alhaki, bashin kamfani ba zai taɓa dukiyarsu ba. Haka doka take a ƙasashe da yawa, amma masu ba da rance sun fi ka sanin wannan, shi ya sa sukan nemi mai ƙaramin kamfani ya sa hannu ya tsaya wa bashin da kansa, ko ya kawo jingina, kuma da zarar ka sa wannan hannun kariyar ta tafi. Rance yana da ma'ana ne a lokacin da oda take hannunka a rubuce, ka san ranar da za a biya ka, kuma ribar ta fi kuɗin rancen da tazara mai faɗi. Kafin wannan ranar, kafin alƙalamin abokin ciniki da ɗan jinkirin biya da mai kaya zai yi maka idan ya gamsu da gaskiyarka sun fi kowane rance sauƙi.

Maganar amininka ita ce ta fi bukatar taka-tsantsan, domin a nan ba kuɗi kaɗai ake asara ba. Haɗin jari yana da amfani idan kowa ya kawo abin da ɗayan ba shi da shi, misali ɗaya ya iya aikin, ɗayan ya iya nemo masu saye. Idan kuwa dalilin kawai shi ne kun shaƙu, wannan bai isa ba. In har za ku yi, ku rubuta komai tun ana dariya: nawa kowa ya zuba, wa zai tsaya a kan aikin kullum kuma nawa ne albashinsa kafin a raba riba, wa ke da ikon sa hannu a asusu, kashi nawa na riba za a mayar cikin jari, yaya za a ƙiyasta rabon wanda ya so fita, me zai faru idan ɗaya ya rasu magada suka zo. Rabon hamsin da hamsin yana da kyan gani, amma ranar da kuka saɓa babu mai rinjaye, don haka ku ambaci wanda zai raba gardama tun yanzu. Idan shi kuɗi kawai zai kawo kai kuma ka yi aikin, wannan shi ne abin da malaman fiƙihu ke kira mudaraba, kuma ƙa'idarta a fili take: ana raba riba bisa kason da aka amince, ba a yanka wa mai kuɗi wani tsayayyen adadi, asara kuma tana kan mai jari matuƙar mai aikin bai yi sakaci ko ha'inci ba, shi kuma wahalarsa ce ta tafi a banza. Mutane da yawa suna shiga irin wannan ba tare da sun fahimci ɓangaren asarar ba, sai ranar da ta auku mai kuɗi ya ce shi bashi ya bayar. Duk wanda ya ce rubutu alamar rashin yarda ne, a tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu.

Rubutun yau da kullum ma haka yake. Tsarin lissafi mai gefe biyu da akantoci ke amfani da shi, wato rubuta kowace hada-hada a wuri biyu, inda kuɗi ya fito da inda ya shiga, ya daɗe, tun 1494 Luca Pacioli ya bayyana shi a wani littafi da aka buga a birnin Benis na Italiya, amma kai ba ka bukatarsa a watannin farko. An taɓa gwaji a Jamhuriyar Dominikan, aka koya wa wasu masu ƙananan sana'o'i darasin akanta na sosai, wasu kuma aka koya musu 'yan ƙa'idoji masu sauƙi kamar ajiye kuɗin sana'a da na gida a wuri daban-daban da yanka wa kai albashi. Na biyun ne suka fi gyara yadda suke tafiyar da kuɗinsu. Abin da nake so ka yi ke nan. Asusun sana'a daban, na gida daban. Duk abin da ya shiga ko ya fita a rubuta shi a ranar, ba a ƙarshen mako ba. Idan kai ko ɗan'uwanka kuka ɗauki kaya, a rubuta a kuma biya. Kowane wata a ƙirga kayan da ke ƙasa a gwada da littafi, musamman idan akwai yaron da ke tsare maka wuri, ba don zargi ba, sai don wurin da ba a ƙirga yana jarrabar mai gaskiya ma.

Rajista da lasisi da haraji sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ka tambayi hukumar da abin ya shafa ko wani akanta kafin ka buɗe. Abu ɗaya ne ba ya canzawa: harajin da ka karɓa daga hannun mai saye a madadin gwamnati ba kuɗinka ba ne, ajiya ce, kada ka juya shi.

Saura abin da ba a son ji. Tun kafin ka fara, ka yanke adadin da za ka iya asara ba tare da gidanka ya girgiza ba, ka kuma yanke ranar da za ka zauna ka yi wa kanka hisabi, a ce bayan wata goma sha biyu. Wanda bai yi haka ba, idan abu ya ƙi, yakan shiga ƙara kuɗi a kan kuɗi don kada na baya su tafi a banza, ya taɓa ajiyar gida, ya ciwo bashi, kunyar a ce ya kasa tana tura shi gaba. Ka rubuta adadin da ranar a shafin farko na littafinka, ka nuna wa mutum guda wanda ba shi da hannu a cikin kasuwancin kuma ba ya jin nauyin faɗa maka gaskiya, ka ce masa idan ranar ta zo ya nemi ka kawo littafin ku duba tare.